Ƙwallo Ko Kokawa? Zaɓin Samarin Kura Da Bunkure

Kafin a kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da an gama girbi sai samarin ƙasar Kura da Bunkure su koma ga kokawa da dambe. Noman rani ya cinye wannan hutu. Mai noman shinkafa ko tumatir ba shi da sarari sai da la'asar, wannan kuwa ya ishi ƙwallon ƙafa. Nasarorin Kano Pillars, wadda ta zama zakarar ƙasa sau huɗu tsakanin 2008 da 2014, sun ƙara jan hankalin matasa har Kumbotso. Zari-ruga kuwa ba ta sami kasuwa ba. Dattawa dai sun fi ƙaunar kiɗa da kirarin fagen kokawa. Muddin makarantu ba su raya kokawar ba, wa zai gaje su?