Ƙurar Rumbu da Huhun Manomi: Ina Gaskiya, Ina Ji-ta-ji-ta

Da kaka, daga Tambuwal har Kebbe, ba a rasa mai tari bayan sussukar gero ko kwashe tsohuwar dawa daga rumbu. Galibi ƙaiƙayi ne kawai, kwana biyu ya wuce. Amma akwai ciwon da likitoci ke kira huhun manomi, wanda aka cakuɗa gaskiya da ƙarya a kansa.

Masu cewa ƙura ce ke jawo shi sun yi gaskiya, sai dai ba kowace ƙura ba. Hatsi ko harawar da aka tara da danshi kan ɗau zafi ta yi funfuna. Ƙwayoyin da ke tashi daga ciki su ne jikin wasu mutane ke yaƙa fiye da kima, har can cikin huhu ya kumbura. Wani likita mai suna Campbell ya bayyana ciwon a 1932 tsakanin manoman Ingila masu aikin ciyawar da ruwa ya taɓa. Kashin tattabaru da gashinsu ma suna jawo irinsa, ko da masu kiwonsu ba sa son jin haka.

Yadda yake zuwa ne ke ruɗa mutane. Mutum ya tashi daga aiki garau, sai bayan awa 4 zuwa 8 zazzaɓi da jin sanyi da tari da sarƙewar numfashi su taso masa. Nan sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne, wasu su ce jifa aka yi masa. To, a lura: in ya huta ya samu sauƙi, in ya koma rumbu ya sake kwantawa. Wane irin jifa ne ke jiran ranar shiƙa?

Zancen cewa ana ɗauka, a ware wa mai shi kwano, ƙarya ne. Ba ya yaɗuwa. Sai dai yana kama da tarin fuka, don haka tarin da ya kai mako 2 yana buƙatar gwajin majina, wanda kyauta ne a asibitocin gwamnati. In ba a ga komai ba kuma numfashi na ƙara wuya, a nemi hoton ƙirji, ko da sai an je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. A faɗa wa likita sana'ar da ake yi, domin ita ce kan nuna masa hanya.

Shan nono ko madara don wanke ƙura kuwa, ciki suke zuwa, ba huhu ba. Ƙwayar prednisolone tana rage kumburi, gaskiya ne, amma sayen ta a kemis ba gwaji kasada ce, don tana iya tayar da tarin fukan da ke kwance. Rufe hanci da rawani yana tare ƙaiƙayi, ƙananan ƙwayoyin kuwa ratsa shi suke yi. Takunkumin N95 ya fi. A shanya hatsi ya bushe ƙayau kafin ya shiga rumbu, wanda ciwon ya taɓa kamawa kuma ya bar wa wani kwasar mai funfuna, domin in aka yi shekaru ana shaƙa, huhu kan yi tabon da magani ba ya gogewa.