GASHIN HAƘARƘARI DA HAYAƘI DA YADDA AKE HAƊA MURHUNSA A GIDA

Gabatarwa

Bahaushe ba baƙo ba ne a harkar nama da wuta. Yana da tsire da balangu da kilishi, yana kuma da banda, wato nama ko kifin da aka kyafe da hayaƙi don ya daɗe bai lalace ba. Sai dai akwai wani salon gashi da ya yi fice a jihohin kudu na ƙasar Amurka, wanda ake kira babikyu. A wannan salo ba a ɗora nama a kan harshen wuta. Ana rufe shi ne a cikin murhu mai murfi, zafi kaɗan da hayaƙi su yi ta ratsa shi na tsawon awoyi, har ya yi laushin da ƙashi zai zare da kansa. Wannan maƙala za ta yi bayanin asalin kalmar, da dalilin da ya sa haƙarƙari ke buƙatar irin wannan gashi, da yadda mutum zai haɗa murhun da duro, sannan da yadda ake gashin.

Asalin Kalmar

Ɗalibin harshe zai so ya san cewa kalmar ta yi doguwar tafiya. Asalinta barbacoa ce, daga harshen mutanen Taino na tsibiran Karibiyan, kuma tana nufin wani ragaya ko dandamalin itace da ake kafawa a kan wuta. Mutanen Sifen ne suka are ta, ta kuma fito a rubutun marubucinsu Gonzalo Fernández de Oviedo a shekarar 1526. Daga nan Ingilishi ya ɗauka ya mayar da ita barbecue. Wato sunan abin da ake shimfiɗa nama a kai ne ya koma sunan gashin da ma taron cinsa.

A Amurka, bayi baƙar fata da jikokinsu sun taka babbar rawa wajen raya wannan sana'a. Kowane yanki yana da nasa salo. A Memfis an fi sanin su da busasshen yaji, a Kansas Siti da miya mai zaƙi ta tumatir, a Karolina da miyar ruwan tsami. A waɗannan wurare naman alade aka fi gasawa. A Tekzas kuwa naman sa ne sarki, kuma gishiri da masoro kawai ake barbaɗa masa. Salon Tekzas shi ne ya dace da mai son gwadawa da awazar sa ko ta rago.

Me Ya Sa Sai da Wuta Kaɗan?

Naman haƙarƙari cike yake da jijiyoyi da tantani da kitse. A cikin jijiyoyin nan akwai wani sinadari mai tauri da ake kira kolajin. Idan aka ɗora irin wannan nama a kan wuta mai ƙarfi, kamar ta tukubar mai tsire, bayansa zai ƙone alhali cikinsa yana nan kamar igiya. Shi ya sa mai tsire yake yanka tsoka fale-fale, don ta nuna cikin 'yan mintoci.

Amma idan zafin cikin naman ya wuce digiri 70 a ma'aunin Salshiyos, ya kuma daɗe a haka, kolajin yakan narke a hankali ya zama jelatin. Mai karatu ya san jelatin ko da bai san sunansa ba: shi ne abin da ke sa romon farfesun ƙafar sa ya yi danƙo, ya kuma daskare idan ya kwana. Narkewar nan ba ta son gaggawa. Don haka ake riƙe zafin murhu tsakanin digiri 110 zuwa 135, a bar naman har cikinsa ya kai wajen digiri 93 zuwa 96. Aikin murhu kuwa shi ne riƙe wannan zafi ba hawa ba sauka. Sirrinsa yana ga iska. Wuta da iska take rayuwa: a ƙara mata iska ta ƙara zafi, a rage mata ta lafa.

Haɗa Murhu da Duro

Murhu mafi sauƙin haɗawa shi ne na duron ƙarfe mai cin lita 200, irin wanda murfinsa ke cirewa gaba ɗaya. Dole a tabbatar da abin da duron ya taɓa ɗauka. A nemi wanda aka zuba kayan abinci a ciki, kamar man girki. A guji wanda ya ɗauki maganin ƙwari ko man fetur ko wani sinadari, a kuma guji ƙarfen da aka shafe da tutiya, domin idan ya yi zafi sosai yana fitar da tururi mai cutarwa. Ga matakan aikin:

1. A huda ƙofofi 3 a jikin duron, kowace mai faɗin santimita 2, kimanin santimita 6 daga gindi. Ta nan iska za ta shiga. A yi wa kowace marufi da ɗan fallen ƙarfe mai juyawa a kan ƙusa, ko a riƙa toshe su da maganaɗisu.

2. A cika duron da busasshen itace, a cinna masa wuta mai ƙarfi a fili, har fentin ciki da na waje ya ƙone ƙurmus. Idan ya huce a kankare shi da burushin waya, a wanke, a shafe cikinsa da man gyaɗa.

3. A sa mai walda ya haɗa kwandon gawayi da ragar ƙarfe mai kauri, faɗinsa kamar santimita 30, tsayinsa 20 zuwa 25. A yi masa ƙafafu masu tsawon santimita 8 don toka ta sami wurin zuba, iska kuma ta bi ta ƙasa.

4. A ɗaura ƙusoshi masu noti guda 4 a jikin duron, wajen santimita 18 daga baki, a ɗora ragar da nama zai zauna a kai. Tazarar da ke tsakanin gawayi da nama, wadda ta kai kusan santimita 60 daga gindin kwandon, ita ke hana naman ƙonewa.

5. A huda murfin, ko dai ƙofa ɗaya mai faɗin santimita 5, ko ƙanana guda 8, don hayaƙi ya fita. A sa masa mariƙi na katako.

6. A soka ma'aunin zafi a jikin duron daidai ƙarƙashin ragar nama.

Kafin a fara gashi, a kunna murhun babu nama na awa 2 zuwa 3. Wannan zai sa man da aka shafa ya kama ƙarfen, mai murhun kuma ya koyi yadda buɗe ƙofa ko toshe ta ke sauya zafi.

Yadda Ake Gashin

A sayi awaza mai tsoka a wurin mahauci, a roƙe shi kada ya sassare ta, ya bar ƙasusuwa 3 ko 4 a haɗe. A rage kitsen da ya yi yawa. Idan ta rago ce, a sa wuƙa a ɗaga tantanin da ke bayan ƙashi a yaye shi, don yaji ya shiga. A barbaɗa gishiri da masoro, wanda ya so ya ƙara tafarnuwa da citta da barkono. Yajin ƙuli kuwa a ajiye shi sai an sauke, domin gyaɗa ba ta jure doguwar wuta.

A zuba gawayi kilo 4 zuwa 5 a kwando ba tare da an kunna shi ba, a cusa guntayen busasshen itace 3 ko 4 masu girman dunƙulen hannu a tsakaninsa. Sai a kunna gawayi 10 zuwa 15 a gefe, idan sun zama garwashi a zuba su a kai. Ta haka wutar za ta riƙa cin gawayin kaɗan-kaɗan daga sama zuwa ƙasa, ta daɗe ba a ƙara ba. Mutanen Tekzas sun fi amfani da itacen oak da na meskit, wanda danginsu ɗaya da ƙirya, itacen da maƙera suka san ingancin gawayinsa. Itacen 'ya'yan marmari kamar gwaiba da lemo shi ma yana ba da ƙanshi mai daɗi. Kada a kuskura a sa katako mai fenti, ko ɗanyen itace, ko kananzir.

A jira farin hayaƙi mai kauri ya wuce, domin shi ke sa nama ɗaci. Idan hayaƙin ya zama siriri mai ɗan shuɗi-shuɗi, zafi kuma ya tsaya a digiri 120, sai a ɗora naman, ƙashi yana kallon ƙasa, a rufe. Ƙofar hayaƙi ta sama a bar ta a buɗe kullum, da na ƙasa ake sarrafa wuta. A rage yawan ɗaga murfi, don duk ɗagawa iska ce ake ba wutar.

Bayan wasu awoyi, zafin cikin naman yakan tsaya cik wajen digiri 65 zuwa 75, kamar an yi masa tsafi. Ba tsafi ba ne. Ruwan da ke fita daga naman ne yake sanyaya shi, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki, ko kuma yadda randa ke sanyaya ruwa. A nan masu gaggawa ke ƙara wuta su ɓata aiki. Mafita ita ce a yi haƙuri, ko a naɗe naman a takardar alminiyam a mayar da shi. Awazar sa takan ɗauki awa 6 zuwa 8, ta rago kuwa 3 zuwa 4. Alamar nuna ita ce tsoka ta janye daga bakin ƙashi, tsinke kuma ya shige ba tirjiya. A sauke, a bar shi a naɗe na minti 30 kafin a yanka. Idan aka ga jan layi a ƙarƙashin ɓawon naman, ba ɗanye ba ne, iskar da wuta ke fitarwa ce ta riƙe launin tsokar.

Gargaɗi

Kada a taɓa kunna wannan murhu a cikin ɗaki ko shago ko wani rufaffen wuri. Gawayi yana fitar da iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, kuma tana kisa. A ajiye shi a fili, nesa da yara da danni da duk abin da ke kama wuta.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa kayan aikin ba su fi ƙarfin mai ƙaramin hali ba: duro ne da raga da gawayi. Abin da gashin ke nema shi ne a iya sarrafa iska, a kuma ba naman lokacinsa. Masu iya magana sun ce mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa, balle haƙarƙari.