RUMBUN TSIMI NA SHAFUKAN INTANET

A daren 10 ga watan Maris na shekara ta 2021, gobara ta tashi a ma'ajiyar na'urori ta kamfanin OVHcloud da ke birnin Strasbourg na ƙasar Faransa. Gini guda ya ƙone ƙurmus, wani kuma wutar ta ci wani ɓangarensa. Ba a yi asarar rai ba, amma shafukan intanet sama da miliyan 3 suka ɗauke, kuma waɗansu masu ajiya ba su sake ganin kayansu ba, domin kwafin da suka dogara da shi yana nan cikin harabar da wutar ta ci.

Yawancin abin da mai karatu ke gani a shafi, wato rubutu da hotuna da takardu, kaya ne tsayayye: sau ɗaya ake rubuta shi, a ajiye, kowa ya zo a miƙa masa iri ɗaya. Saboda haka ne ma'aikata suke rarraba irin wannan kaya a kan na'urori masu yawa da aka haɗa su suna aiki tamkar rumbu guda.

Ɗaya daga cikin sanannun tsare-tsaren wannan aiki shi ne Ceph, wanda Sage Weil ya ƙirƙiro a jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz, ya kuma kare digirinsa na dakta a kansa a shekara ta 2007. A bisa al'ada, Ceph yana ajiye kowane abu sau 3, a kan na'urori 3 dabam-dabam. Babu wani babban kundi da ke riƙe da wurin kowane kaya. Lissafi ne mai suna CRUSH yake nuna inda yake. Idan faifai ɗaya ya mutu, sauran sukan sake kwafe abin da ya ɗauka ba tare da jiran umurni ba. A bakin ƙofa kuwa akwai na'urorin da ke karɓar buƙatar mai karatu, su ɗauko kayan daga kwafin da ke da rai.

Sai dai tsarin yana bin abin da aka gaya masa ne kawai. Mai kula da shi ne ke zaɓar ko kwafin nan 3 za su zauna a ɗaki ɗaya, ko gine-gine dabam, ko garuruwa masu nisa da juna. Nisa yana jawo ƙarin kuɗi da jinkiri wajen rubutawa, amma ga kayan da ake rubutawa sau ɗaya a karanta sau dubu, wannan jinkiri ba shi da wani nauyi.

Manomanmu sun daɗe da sanin wannan hikima, shi ya sa a ƙauyuka da dama ake kafa rumbunan hatsi nesa da gidaje. Duk wata ma'aikata da ke da shafi, ya kamata ta tambayi mai ajiye mata: kwafi nawa ne, kuma a ina kowanne yake? Rigakafi dai ya fi magani.