Ƙodar Mai Ciwon Suga Ba Ta Yin Kuka Da Wuri

A Batsari da Safana, mai ciwon suga ya san tsoron gyambon ƙafa da dushewar gani. Ƙoda ce ake mantawa da ita, alhali kusan mutum 1 cikin 3 na manya masu wannan ciwo kan gamu da matsalarta.

Kowace ƙoda tana ɗauke da 'yan mitsi-mitsin matatai wajen miliyan guda, masu tace jini dare da rana. Idan suga ya yi shekaru yana sama, matatan kan ɓule kamar tsohuwar rariya, sai furotin ya fara zurarewa cikin fitsari. Babu zafi, babu zazzaɓi. Manomi zai ci gaba da haƙar rogonsa lafiya lau. Kafin fitsari ya riƙa kumfa, ƙafa ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ɓarna ta riga ta yi nisa.

Shi ya sa likitoci ke nanata gwaji biyu sau ɗaya a shekara: na fitsari don gano furotin, da na jini don auna ƙarfin ƙoda. Sai awon hawan jini, wanda ake so ya tsaya ƙasa da 130/80, domin idan ya haɗu da suga, lalacewar ta fi sauri. Magunguna irin su lisinopril da losartan na saukar da jini, suna kuma kare ƙoda, amma likita ne ke rubuta su.

Babban abin takaici yana kyamis. Mutum ya dawo daga gona jiki ya yi tsami, ya miƙa kuɗi a ƙulla masa “haɗi” a leda, galibi da diclofenac ko ibuprofen a ciki, ya kora da lemon kwalba. Gobe ma haka. Ga jiƙe-jiƙen da masu lasifika ke tallatawa ranar kasuwa, waɗanda ba wanda ya san abin da aka zuba musu. Ƙodar da suga ya raunana ba ta jure wannan. A ɗakin girki ma akwai gyara, domin miyar da ta sha gishiri da dunƙulen magi rututu hawan jini take ƙara wa wuta.

Idan ƙoda ta gaza, sai wankin ƙoda sau 2 ko 3 a mako, kowane zama wajen awa 4. Ga ɗan Batsari ko Safana, wannan na nufin zaryar Katsina a hanyar da 'yan bindiga suka hana bi da dare, da kuɗin da kan cinye gona da dabbobi. Asibitin Malam Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002, amma sai an samu ɗan'uwa mai bayarwa, da miliyoyin naira, da maganin sha har ƙarshen rayuwa.