Shin Ko Kun San? Sirrin Ƙarin Naɗin Waya A Jitar Lantarki

Duk mai sauraron kiɗan jita ya san muryoyinta ba ɗaya ba ne. Wata tas take fita, siririya mai zaƙi, wata kuma kakkaura ce mai gurnani, tana cika kunne. Babban abin da ke raba su wata 'yar na'ura ce da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi, wato maɗaukin sauti, da yawan wayar da aka naɗa a cikinsa.

Shin ko kun san cewa maɗaukin sauti maganaɗisu ne kawai da aka naɗe da wayar jan ƙarfe? Idan makaɗi ya taɓa tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa, sai 'yar wutar lantarki ta taso a cikin naɗin, ta bi waya zuwa amfilifaya. Ƙa'idar ɗaya ce da ta kwayil ɗin janareta, kuma Michael Faraday ne ya gano ta a Ingila a 1831.

Shin ko kun san cewa kaurin wayar bai wuce milimita 0.063 ba? A jitar Fender Stratocaster, wadda ta fito a 1954, irin wadda Mdou Moctar na Nijar ke kaɗawa, kowane maɗauki yana da zagaye kusan 8,000. Da za a warware wayar, tsawonta ya zarce kilomita ɗaya.

Shin ko kun san cewa ƙarin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na wannan naɗi ya isa ya sauya muryar jita? Wutar da ke fita tana ƙaruwa, sautin tsakiya ya cika ya yi jiki, kaifin sama kuma ya lafa. Dalili shi ne kowane naɗi yana da wani mataki na sauti da ya fi ɗagawa, kuma duk ƙarin zagaye yana janyo wannan mataki ƙasa, zuwa yankin da ya fi kusa da muryar ɗan Adam. Shi ya sa makaɗan bulus da na rok ke cewa irin wannan jita waƙa take yi.

Shin ko kun san cewa wannan ƙarfi ba kyauta yake zuwa ba? Abin da aka samu a kauri, an biya shi da zaƙi. Idan naɗin ya yi yawa, makaɗi ya haɗa tsirkiya biyar ko shida lokaci guda, sai sautukan su cakuɗe, kunne ya kasa rarrabe su. Bambancin taɓawa a hankali da bugu da ƙarfi ma yana raguwa, domin amfilifaya ta riga ta cika tun daga taɓin farko.

Shin ko kun san cewa wasu daga cikin maɗaukan da aka fi yabo a tarihi ba da gangan aka ƙara musu naɗi ba? Seth Lover na kamfanin Gibson ya ƙirƙiro maɗauki mai tagwayen naɗi domin kashe ƙugin lantarki, aka fara sa shi a jitar Les Paul a 1957. An so kowane naɗi ya kai zagaye kusan 5,000, amma injinan naɗin na lokacin ba sa tsayawa da kansu, sai ma'aikaci ya kashe. Don haka wasu suka fito da ƙari, wasu da ragi. Waɗannan maɗaukai da ake kira PAF, a yau dubban daloli ake sayensu.

Shin ko kun san cewa buƙatar gurnani ce ta mayar da ƙarin naɗi sana'a? A farkon shekarun 1970, amfilifayoyi irin na Marshall ba sa yin gurnani sai an ƙure su, har kunne ya yi zafi. Wani matashi a Niyok, Larry DiMarzio, ya fito da Super Distortion a 1972: naɗi mai yawa da maganaɗisun seramik, mai turjiyar lantarki ta om kusan 13,000, alhali PAF yana tsakanin 7,000 da 9,000. Wutarsa tana tura amfilifaya ta fara gurnani da wuri. Ace Frehley na ƙungiyar Kiss yana cikin waɗanda suka yi suna da shi.

Shin ko kun san cewa Seymour Duncan ya naɗa wani maɗauki a Landan a 1974 cikin jitar da ya haɗa wa Jeff Beck? Daga nan samfurin JB ya samo asali, mai turjiyar om kusan 16,000. Kamfanin da Duncan ya kafa a Kalifoniya a 1976 har gobe yana sayar da shi.

Shin ko kun san cewa Texas Special na Fender, maɗauki mai naɗi guda da aka ƙara wa zagaye, shi aka sa a jitar da ke ɗauke da sunan Stevie Ray Vaughan a 1992, shekara biyu bayan rasuwarsa a haɗarin jirgi mai saukar ungulu? Sai dai kaurin sautin marigayin ba daga waya kaɗai ya fito ba. Tsirkiyoyi masu kauri yake ɗaurawa, yana sassauta su da rabin mataki, ga hannu mai nauyi. Wanda ya sayi maɗaukin bai sayi hannun ba.

Shin ko kun san cewa lissafin om yana iya yaudarar mai saye? Waya mafi siranta tana ba da turjiya mafi yawa ko da adadin zagayen bai ƙaru ba. Zafin gari ma yana ɗaga lissafin, domin turjiyar jan ƙarfe tana hawa da kusan kashi 4 cikin ɗari a duk ƙarin digiri 10. Irin maganaɗisu da kusancinsa da tsirkiya su ma suna da nasu rabon a ƙarfin sauti.

Shin ko kun san cewa ƙarin naɗi ya fi amfani a maɗaukin da ke kusa da gindin tsirkiyoyi? A can tsirkiya ba ta lilo sosai, sautinta siriri ne mai tsini. Ƙarin zagaye yana ba shi jiki, ya daidaita shi da na kusa da wuyan jita. Shi ya sa masu naɗi ke sayar da su a jere, na gindi ya fi sauran nauyi.

Shin ko kun san cewa naɗi mai sako-sako yana ƙara kamar busar usur idan an ɗaga sauti? Maganinsa a tsoma shi cikin narkakken kaki, wayoyin su manne su daina motsi. Eddie Van Halen da hannunsa ya yi wa nasa haka.

Shin ko kun san cewa ɗaya daga cikin gwanayen wannan aiki mace ce? Abigail Ybarra ta shiga Fender a 1956, ta shafe fiye da shekara hamsin tana bin waya da yatsunta, ta yi ritaya a 2013. Maɗaukan da ta sa wa hannu, makaɗa rububinsu suke yi.

Ƙarin naɗi kayan aiki ne mai daraja ga wanda ke son jitarsa ta yi kuka mai kauri, ta keta ƙarar ganguna. Mai son kowace tsirkiya ta fita tas, naɗi madaidaici ya fi masa. Saboda haka, ɗan'uwa makaɗi, kada lambar da ke jikin kwali ta zaɓa maka. Jona jitar a amfilifayar da kake aiki da ita, ka kaɗa irin kiɗanka, sannan ka biya kuɗi.