Jirgin sama haɗin gida: ina za a kafa mariƙin turbo?

A ƙasar Amurka akwai mutanen da ke haɗa jirgin sama da hannunsu a garejin gida. Suna da ƙungiya mai suna EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953, kuma kowace shekara sukan yi babban taro a garin Oshkosh na jihar Wisconsin. Doka ta yarda da haka, muddin mutum shi ne ya yi fiye da rabin aikin. Sai dai ƴancin nan yana da tarko, domin mai haɗawa shi ke zaɓen inda kowane mariƙi zai zauna a gaban matuƙi.

A jiragen kamfani an daɗe da tsayar da tsari. Daga hagu zuwa dama: baƙi na totur, shuɗi na farfela, ja na gauraya mai da iska. Kowane da siffar kansa dabam, don hannu ya gane shi ko ido bai duba ba, kuma turawa gaba ƙarin ƙarfi ne. Ba don ado aka yi haka ba. Jan nan, idan aka jawo shi baya har ƙarshe, mai ya yanke, inji ya mutu. To ku dubi halin wanda ya zo sauka, ya kai hannu zai rage totur, ya jawo ja.

Turbo kuwa ba baƙo ba ne ga duk wanda ke hulɗa da manyan motocin dakon kaya. Hayaƙin salansa ke juya fanka, ita kuma ta danna iska cikin inji. Jirgi ya fi mota bukatarsa, domin a tsawon mita 5,500 ƙarfin iska ya ragu zuwa kusan rabi. Amma kusa da ƙasa, idan aka tura totur gaba ɗaya alhali ƙofar sakin hayaƙi tana rufe, iskar takan yi yawa har fistin ya ƙone. A injin Rotax 914 na ƙasar Ostiriya na'ura ce ke kula da ƙofar. Wasu masu haɗin gida kuwa da hannu suke buɗe ta, ke nan an sami mariƙi na huɗu.

Tsohuwar ƙa'idar hukumar FAA, kafin a sake ta a 2017, ta ce a sa shi ƙasa ko bayan na farfela. Ba ta wajaba kan jirgin haɗin gida ba, amma mu a ganinmu wanda ya kauce mata don kawai waya ta fi saurin isa wani lungu, ya yi ganganci, ballantana jirgi yakan canza hannu.

Abin da ya sami mawaƙi John Denver ke nan ranar 12 ga Oktoba 1997. Jirginsa Long-EZ ba mai turbo ba ne, wani ne ya haɗa shi, shi kuma ya saya. Wanda ya zana jirgin, Burt Rutan, ya tsara mariƙin canza tankin mai tsakanin ƙafafun matuƙi, amma mai haɗawa ya maida shi bayan kafaɗar hagu. Masu bincike sun ce garin juyawa ya kamo shi ne Denver ya taka fedar dama ba da niyya ba, jirgin ya faɗa teku a gaɓar Kalifoniya, ya rasu.