Shin Ko Kun San? Sifirin da Tafet a Injin Turbo, Daga Kankiya Zuwa Kusada

Shin ko kun san cewa tirelar da ta ratsa Kankiya da buhunan siminti ta nufi Katsina, lafiyar injinta ta dogara da wani sifirin da tsawonsa bai wuce yatsa ba? Kowane bawul na inji yana da nasa. Kamshaf ne yake danna bawul ya buɗe, amma ba shi yake mayar da shi ba, wannan aikin sifirin ne. Idan sifirin ya makara, fistin ba ya jira.

Ko kun san sau nawa ake wannan buɗewa da rufewa? Kamshaf yana juyi ɗaya ne idan karanshaf ya yi biyu. Golf ɗin haya da ta taso daga Charanchi, allurar injinta tana kan 3,000, kowane bawul nata yana buɗewa sau 1,500 a minti, wato sau 25 a daƙiƙa guda. Tafiyar awa biyu a haka, sifirin ɗaya ya lanƙwashe ya miƙe sau 180,000.

Shin ko kun san turbo ya haura shekara ɗari? Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar a 1905: hayaƙin da inji ke zubarwa ya juya farfela, ita kuma ta juya wata da za ta cusa ƙarin iska cikin silinda. Kamfanin Saurer ya saka shi a babbar mota a 1938. Ƙananan motoci sai a 1962 suka samu, a Amurka, a Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair. Peugeot, wadda muka fi sani ta dalilin 504 ɗin da aka yi ta haɗawa a Kaduna, ta fitar da 604 mai turbo mai amfani da dizal a 1979.

To, ina ruwan turbo da sifirin? Iskar da turbo ya matso tana taruwa ne a bayan bawul ɗin shiga, tana turinsa ta ɓangaren buɗewa. Matsin iska na ma'aunin bar ɗaya ya kai nauyin kimanin kilo guda a kan kowane murabba'in santimita. Bawul mai faɗin milimita 35 ke nan yana shan turi na kusan kilo 10. Ƙarfin da sifirin ƙaramar mota ke riƙe bawul da shi a rufe kuwa bai cika wuce kilo 25 zuwa 40 ba. Gaskiya ne matsin da ke cikin silinda yana taimakon sifirin a mafi yawan lokaci, amma wanda ya ƙara wa turbo matsi fiye da yadda kamfani ya tsara, ya ci wani kaso na ƙarfin sifirinsa ko da bai taɓa shi da sifana ba.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne ɓangaren hayaƙi. Kafin hayaƙi ya ratsa farfelar turbo yana cunkushewa, kuma sau da yawa matsinsa ya fi na iskar shiga. Wannan matsi yana danna bawul ɗin fita daga baya a daidai lokacin da fistin ke sauka yana zuƙar iska, lokacin da ake buƙatarsa a rufe ruf. Manyan motoci masu birkin salansa, wanda direba ke takawa a gangara ya toshe hanyar hayaƙi don inji ya riƙe mota, sun fi kowa jin wannan. Shi ya sa ake saka musu sifirin mai ƙarfi a bawul ɗin fita tun daga kamfani, kuma shi ya sa bai halatta bakanike ya cakuɗa na shiga da na fita ba idan littafin injin ya bambanta su.

Shin ko kun san sifirin da ya yi ƙarfi da yawa shi ma ɓarna yake yi? A nan ne nake ganin ake yawan kuskure. Wani zai ce a nemo masa na babban inji a saka, wai don kada bawul ya yi wasa. An ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan: ƙusoshin kamshaf su cinye, fuskar tafet ta lotsa, mazaunin bawul ya riƙa shan duka, inji kuma ya ɓata wani ƙarfinsa wajen danna sifirin. Akwai ma abin da ya fi wannan muni. Idan wayar sifirin ta yi kauri, zobbansa suna iya haɗewa kafin kamshaf ya gama dannawa, daga nan sai wani abu ya karye, ko roka ko sandar turi. Injin tirela mai dizal aikinsa bai cika wuce juyi 2,000 a minti ba, ba gudun da zai sa bawul ya tsere wa kamshaf. Abin da ke kai shi can shi ne direba ya jefa ƙaramar giya a gangara da kaya, nauyin mota ya ja injin ya wuce iyakarsa.

Yanzu ga tafet, ɗan ƙarfen da ke tsakanin kamshaf da bawul. Iri biyu ne. Akwai na seti, ƙarfe zalla, wanda dole a bar masa 'yar rata domin ƙarfe yana miƙewa idan ya yi zafi. Akwai kuma na haidirolik, wanda cikinsa akwai ɗan fistin da ƙwallon ƙarfe, baƙin mai ya shiga ya cika shi, ya cike ratar da kansa ko inji na sanyi ko da zafi. Motar Cadillac mai silinda 16 ta 1930 ce aka fi ambata a matsayin ta farko da ta fito da irin wannan dabara.

Ko kun san girman ratar da ake magana? Kaurin takardar littafi kimanin milimita 0.1 ne. Injin Peugeot 504 ana ba shi 0.10 a bawul ɗin shiga, 0.25 a na fita, yana sanyi. Injin ban ruwa irin Honda GX160, wanda ire-irensa suka cika fadamun Kusada da rani, 0.15 ne da 0.20. Injin Perkins na tarakta Massey Ferguson 375 kuwa 0.30. Bambancin kaurin takarda ɗaya ko biyu ne tsakanin seti mai kyau da mara kyau, kuma kunne ba ya auna wannan. Ku tsaya ku kalli ƙwararren bakanike yana yi: ya sassauta noti, ya zura siririn ƙarfen awo tsakanin roka da kan bawul, ya juya sukuru a hankali har ƙarfen ya riƙa fita da ɗan jan jiki, ya riƙe sukundireba cak ya ɗaure noti, sannan ya sake zura ma'aunin, domin ɗaurin noti kansa yana motsa seti. Wanda bai sake aunawa ba bai gama ba.

Shin ko kun san tafet ɗin da ya yi shiru ya fi mai ƙara haɗari? Mai mota ya ji kyas-kyas a kan inji, ya ce wa bakanike, “Malam, a matse min shi ya daina surutu.” Aka matse, surutu ya ɗauke, kowa ya ji daɗi. Amma bawul ɗin fita yana sauke kusan kashi uku cikin huɗu na zafinsa ne ta hanyar zama daram a mazauninsa. Idan rata ta ƙare, da inji ya yi zafi bawul ba zai zauna ba, wuta ta riƙa ratsa gefensa har ta ci shi. A injin fetur mai turbo zafin hayaƙi yana haura digiri 900, don haka ba a daɗewa. Saboda wannan zafi ne ake cika cikin sandar wasu bawul da sinadarin sodiyam, wanda ke narkewa a digiri 98, ya riƙa kai da komo yana kwashe zafi daga kan bawul. Injin Volkswagen 1.8T, wanda ake samu a wasu Sharan da Passat, yana da irinsu, kuma bawul biyar gare shi a kowace silinda.

Wannan batu ya ƙara muhimmanci tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin fetur. Manoman rani da yawa sun mayar da injin ban ruwa ya koma amfani da gas ɗin girki, wasu direbobi kuma sun koma CNG. Gas busasshen makamashi ne, ba ya jiƙa mazaunin bawul yadda fetur ke yi, don haka a injin da ba a ƙera shi domin gas ba, bawul yakan riƙa nutsewa cikin mazauninsa sannu a hankali. Yana nutsewa rata tana raguwa, ba tare da wata ƙara ba. Duk wanda ya juya injinsa zuwa gas, ya riƙa duba seti fiye da da. Na haidirolik zai yi ta ɓoye matsalar har ya kai iyakarsa.

Shin ko kun san yawancin manyan motocin da ke bin hanyar Kano zuwa Katsina, su DAF da MAN da Howo, duk da turbo ɗinsu, tafet na seti suke amfani da shi? Injin WD615 na Howo ma asalinsa na kamfanin Steyr ne na ƙasar Ostiriya, wanda Sin ta sayi lasisinsa a shekarun 1980, Steyr ɗin nan dai da ya taɓa haɗa motoci da taraktoci a Bauci. Toyota kuwa ta bi hanya biyu: Hilux mai injin 1KD da 2KD na seti ne, amma injin GD da ya gaje su a 2015 ya zo da na haidirolik. Injin 1.9 TDI na Volkswagen tun farko haidirolik ne. Turbo bai tilasta ko ɗaya ba.

Wanne ya fi, to? Masu tsere sukan zaɓi na seti, saboda idan inji ya yi gudun fitar hankali bawul ya fara tsere wa kamshaf, na haidirolik yakan ɗauka rata ce ta samu, ya cika da mai ya tokare bawul a buɗe. Sifirin mai tsananin ƙarfi kuma yakan matse man da ke cikinsa ya fita. A tseren Formula 1 ma an kai inda sifirin ƙarfe ya gaza gaba ɗaya: a 1986 Renault ta maye gurbinsa da matsattsiyar iska a injin turbo na motar Lotus da Ayrton Senna ya tuƙa. Baburan Ducati sun yi suna da tsarin da kamshaf ke buɗe bawul ya kuma rufe shi da kansa.

Amma babu mai wannan gudu tsakanin Yashe da Kankiya. A wurinmu tambayar ta baƙin mai ce. Ƙofar da mai ke bi ya shiga tafet na haidirolik 'yar ƙarama ce, dauɗa kaɗan ta toshe ta. Ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara, ga man juye na kwalba da ba a san asalinsa ba, ga masu jan lokacin juye har mai ya yi kauri. Kuma man nan ɗaya ne da wanda ke shafe sandar turbo, wadda ke juyi sama da 100,000 a minti. Direban da ya taso daga Kano a guje, ya tsaya cin abinci a Gidan Mutum Ɗaya ya kashe inji nan take, ya bar mai yana ƙonewa cikin turbo mai zafi, gawayin kuma ya zagaya ya isa tafet. Minti ɗaya ko biyu a silo kafin a kashe ya wadatar. A ganina, mai iya sayen mai nagari ya yi juye a kan lokaci, haidirolik ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba. Wanda motarsa ke aikin ƙauye da kasuwa-kasuwa, na seti ya fi jure masa, muddin bakanikensa yana da ma'auni kuma ya san lambar injin.

Ko kun san ana iya gane gajiyayyen sifirin ba tare da wata na'ura ba? Wanda ya sayo kan inji na Beljiyam a Kofar Ruwa ta Kano, kada ya ɗora shi yadda ya zo. A kwance sifirin duka, a wanke, a jera su a tsaye a kan gilashi, na shiga daban na fita daban, a ɗora rula a kansu. Wanda ya gaza 'yan uwansa tsawo ya gaji. Wanda ya karkace idan an jingina masa ƙarfen kusurwa, a cire shi. Wanda tsatsa ta ɗan ci ma a cire, domin daga irin wannan ɗigon ne karaya ke farawa. Idan kuma an wasa mazaunin bawul ya zurfafa, sifirin ya sami ƙarin sarari ƙarfinsa ya ragu, sai a saka masa siririn wosha na ƙarfe a ƙasa ya mayar da tsayin da kamfani ya rubuta.